Sayen gida a Ɗanzomo da kewayenta: Daga takardar ciniki zuwa lissafin cefane

Ɗanzomo gari ne a Ƙaramar Hukumar Sule Tankarkar, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi huɗu da ke ƙarƙashin Masarautar Gumel a arewacin Jihar Jigawa. Sauran ukun su ne Gumel da Maigatari da Gagarawa. Kamar yawancin garuruwan wannan yanki, Ɗanzomo tana da 'ya'ya da dama da neman abinci ya kai su Kano da Dutse da Kaduna da Abuja da Legas, wasu a aikin gwamnati, wasu a kasuwa. Da zarar ɗayansu ya ga kuɗin haya yana neman cinye masa abin da yake samu, ko ya hango ranar ritaya ta matso, tunanin da ke fara zuwa masa shi ne ya nemi gida a ƙauye ya ajiye iyali, ko ya tanadi inda zai koma.

Wannan tunani yana da hujja. Kuɗin da ba zai ishi mutum sayen filin da babu ko bulo ɗaya a kansa a bayan garin Kano ba, sau da yawa zai saya masa gida ginanne mai zaure da tsakar gida da turken dabbobi a irin waɗannan garuruwa, har ya yi ragowa. To amma arahar ita ce ke sa mutane su yi sakaci da abubuwa biyu da suka fi farashin muhimmanci. Na farko shi ne tabbatar da cewa wanda ya sayar yana da ikon sayarwa, kuma hukuma ta san an sayar. Na biyu shi ne gane cewa da lissafin shekara ake riƙe gidan ƙauye, alhali albashi wata-wata yake zuwa, ribar kasuwa kuwa ba ta da rana.

Abin da doka ta ce game da ƙasar karkara

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa, kuma Tsarin Mulkin 1999 ya ba ta kariya a sashe na 315, ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. A Arewa wannan ba baƙon abu ba ne, domin dokar Turawan mulkin mallaka ta 1910 da dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 sun riga sun bi wannan hanya. Saboda haka wanda ya ce ya sayi gida, a idon doka haƙƙin zama da amfani da filin ya saya, tare da ginin da ke kansa.

Dokar ta raba ƙasa gida biyu. Wadda gwamna ya ayyana a matsayin birni tana ƙarƙashin ofishinsa kai tsaye, kuma wanda ke riƙe da haƙƙin da gwamna ya bayar ba ya sayar da shi sai da amincewarsa, kamar yadda sashe na 22 ya tanada. Ƙasar karkara kuwa tana hannun ƙaramar hukuma, wadda sashe na 6 ya ba ta ikon bayar da haƙƙin mallaka na gargajiya domin zama ko noma ko kiwo. Sashe na 21 ya hana a sauya wa irin wannan haƙƙi hannu, ta hanyar saye ko jingina ko wanin haka, sai da amincewar ƙaramar hukumar, sashe na 26 kuma ya ɗauki cinikin da ya saɓa wa dokar a matsayin ɓatacce. Tambayar farko ke nan ga mai saye: a wane ɓangare gidan yake? Gida a tsakiyar Gumel ko a hedikwatar ƙaramar hukuma yana iya faɗawa cikin yankin da aka ayyana birni, alhali na wani ƙauye da ke kusa bai faɗa ba. Sashen filaye na sakatariyar ƙaramar hukuma da Ma'aikatar Ƙasa ta jiha da ke Dutse su ne masu amsar.

A aikace, cinikin gida a karkara ta hannun masu sarauta yake bi: mai unguwa, wanda a wasu garuruwan yankin ake kira bulama, sai dagaci, sai hakimi. Su suka san tarihin kowane gida, wane ya gina, wane ya gada, wane ya taɓa kawo ƙara a kansa, kuma cinikin da aka yi a bayan idonsu da wuya ya zauna lafiya. Sa hannunsu da hatiminsu shaida ce mai ƙarfi a gaban alƙali. Sai dai ba ta ɗauke wa mai saye wajibcin zuwa ƙaramar hukuma ba. Mutane da yawa a nan suke tsayawa, su ninke takardar dagaci su sa a akwati, su ɗauka an gama.

Gidan gado

Galibin gidajen da ake sa wa kuɗi a ƙauye gidajen gado ne, kuma mafi yawan shari'un da ke biyo bayan ciniki daga nan suke tasowa. Yadda abin yake faruwa sananne ne. Mahaifi ya rasu shekaru da yawa da suka wuce, ba a raba gado ba, babban wa ya ci gaba da zama a gidan yana yi masa yaɓe duk shekara, har gari ya saba kiran gidan da sunansa. Ranar da buƙata ta kama shi sai ya nemi dillali. Baƙon da ya zo daga birni ba ya ganin sauran masu haƙƙi, domin ba sa wurin: 'yan'uwa mata suna gidajen aurensu a wasu garuruwa, wani ƙane ya tafi cin rani bai dawo ba, wani yana hayin iyaka a Jamhuriyar Nijar, wani kuma ya rasu bayan mahaifin ya bar ƙananan yara, waɗanda rabon ubansu ya koma kansu. Matar mamacin tana da kashi ɗaya cikin takwas idan ya bar 'ya'ya, kashi ɗaya cikin huɗu idan bai bari ba. Kafin duk wannan ma, sai an fitar da bashin da ake bin mamacin da wasiyyarsa, wadda ba ta wuce sulusin dukiya.

Abin da zai kare mai saye shi ne takardar rabon gado daga kotun Shari'a, wadda ta nuna gidan ya faɗa rabon wanda ke sayarwa. Idan ba a raba ba, to kowane magaji baligi, namiji da mace, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar ciniki, wanda ba ya nan kuma ya aiko da wakilci a rubuce. Maganar “ai na gaya musu sun yarda” ba ta isa ba, ko da daga bakin dattijo ta fito. Inda akwai rabon maraya, abin da ya fi aminci shi ne izinin alƙali a rubuce.

Akwai kuma hukuncin shuf'a, wanda mutanen birni da yawa ba sa tunawa da shi sai ya faɗo musu. A mazhabar Malikiyya, idan mutane suna tarayya a gida ko gona da ba a raba ba, ɗayansu ya sayar da rabonsa ga bare, abokan tarayyarsa suna da ikon karɓe wannan rabo su biya mai sayen daidai kuɗin da ya biya. Haƙƙin na abokin tarayya ne, maƙwabci ba ya cikinsa. Littattafan fiƙihu da ake karantawa a zaure, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid, sun bayyana cewa wanda ke nan ya yi shiru har shekara ta wuce ya rasa wannan dama, amma wanda ke nesa damarsa tana nan ko da tafiyarsa ta daɗe. Ke nan ana iya dawo wa mutum da kuɗinsa bayan shekara biyar ko shida, a lokacin da hauhawar farashi ta riga ta cinye darajarsu. Wannan ma dalili ne da zai hana a rage farashi a takarda domin gudun biyan kuɗin hukuma, don kuwa abin da aka rubuta shi za a fara dubawa.

Sai a kula da jingina da aro. Mutum yana iya noma gona shekara ashirin, ko ya zauna a gida har ya aurar da 'ya'ya a cikinsa, alhali jinginar da shi aka yi masa ko aro aka ba mahaifinsa. Daɗewar zama ba ta mayar da shi mai gida. Tsofaffin unguwa sun san wannan, kuma sukan faɗa wa wanda ya zauna da su ya tambaya a natse, ba tare da dillali a gefensa ba.

Ranar ciniki

Dillali yana da amfani, amma la'adarsa tana rataye ne da faɗuwar ciniki, saboda haka ba shi ne zai tono aibin gida ba. A yanke la'ada tun farko, a san wanda zai biya. Kafin alƙalami kada ya yi yawa, kuma a rubuta sharaɗin mayar da shi idan bincike ya nuna matsala.

Takardar ciniki ta ƙunshi cikakken sunan mai sayarwa da mai saye, da yadda gidan ya zo hannun mai sayarwa, da ainihin farashi, da tsawo da faɗin filin bisa awon tef, da sunayen maƙwabta na gabas da yamma da kudu da arewa. Maƙwabtan nan su tsaya a wurin ranar awo, domin katangar da ke tsakanin gida biyu da lungun shiga da inda indararo ke zubar da ruwa su ne ke haddasa rigimar da ake gada. Idan akwai bishiya mai amfani a filin, kamar kuka ko tsamiya, a ambace ta, saboda a al'adar karkara yakan yiwu bishiya ta zama ta wani, filin kuma na wani. Biyan kuɗi ta banki, zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai sayarwa, ya fi miƙa jakar kuɗi a zaure, domin yana barin sawu. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki, don haka babu abin kunya ga wanda ya nemi a rubuta ko da tsakaninsa da ɗan'uwansa ne. Idan rigima ta taso duk da haka, sashe na 41 na dokar ya bai wa ƙananan kotuna hurumin sauraron ƙara kan haƙƙin gargajiya, sashe na 39 kuma ya keɓe wa Babbar Kotu abin da ya shafi haƙƙin da gwamna ya bayar.

Wanda ya zaɓi sayen fili a bakin gari ya gina da kansa yana da ƙarin abin dubawa. Sashe na 36 ya hana a yanka ƙasar karkara da ake riƙe da ita tun kafin fitowar dokar a mayar da ita filaye, ko da yake kullum ana yi, saboda haka awon da hukuma ta amince da shi ya fi wanda mai gona ya yi da igiya. Yankin kuma yankin makiyaya ne, yana da burtali da makiyaya da gandun daji da shingen itatuwa da aka dasa domin tare hamada, kuma da rani ba kowa ke iya bambanta su da gonar wani ba. Bayan haka, sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke haƙƙin mallaka saboda buƙatar jama'a, kuma diyyar da sashe na 29 ya tanada ta fi karkata ga abin da ke kan ƙasar, wato gini da amfanin gona, ba darajar filin a kasuwa ba. Takaddamar da ta taso a yankin Gagarawa a zamanin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar, lokacin da aka ware dubban kadada na gonaki domin noman rake da masana'antar sukari, manoma kuma suka koka kan batun diyya, ta isa ta nuna cewa wannan sashe ba a takarda kawai yake ba.

Gidan kansa

Lokacin da ya fi dacewa a duba gida shi ne watan Agusta, sa'ad da ruwa ke tsakiyar zuba. Da rani kowane gida lafiyayye ne. Da damina ne ake ganin ɗakin da ke yoyo, da katangar da gindinta ya jiƙe, da tsakar gidan da ruwa ke kwanciya, da kududdufin da ke tumbatsa ya shigo unguwa. Ƙasar yankin rairayi ce, wadda sunan jihar ma daga irinta ya samo asali, don haka harsashin gini da ramin masai suna buƙatar kulawa. Gara tana cin azara da katako daga ciki ta bar bayansu kamar lafiyayyu, sai an ƙwanƙwasa ake ganewa. Iskar farkon damina kuwa tana yaye rufin kwanon da ba a ɗaure shi da kyau ba.

Ginin ƙasa ya fi sanyi da bazara, ya fi ɗumi da hunturu, amma yana son yaɓe kusan kowace shekara. Ginin bulo da kwano ba ya son wannan hidima, sai dai idan ba a yi masa silin ba, zama a cikinsa a watan Afrilu azaba ce. Ruwa shi ne babban abin tambaya: ina rijiya ko famfon da ya fi kusa, yana aiki duk shekara, nawa ake sayar da jarka da rani? Rijiyoyin wannan yanki suna da zurfi, kuma haƙa rijiyar burtsatse na iya lashe kuɗin da ya kusa na gidan. Wutar lantarki a Jigawa a hannun kamfanin KEDCO take, tare da Kano da Katsina, amma ganin turke da waya a bakin ƙofa ba ya nufin akwai wuta, shi ya sa magidanta da dama suke sa kuɗin ƙaramar sola a cikin lissafin sayen gida tun farko.

Da wane kuɗi za a saya?

Ma'aikacin da ake yanka wa kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yana da damar neman rance daga Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya a kan ruwa kashi 6 cikin 100, a biya cikin shekarun da za su iya kai wa 30. Haka kuma dokar fansho ta 2014, bisa ƙa'idojin da Hukumar Fansho ta Ƙasa ta fitar a 2022, ta yarda mai asusun fansho ya yi amfani da abin da bai wuce kashi 25 cikin 100 na ajiyarsa ba a matsayin kuɗin farko na lamunin gida. Ma'aikatan Jihar Jigawa da ƙananan hukumominta kuwa suna kan tsarin fansho na jiharsu, wanda ya bambanta da na tarayya. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da TAJ da Lotus, suna da tsarin murabaha da ijara ga wanda ke gudun riba. Duka waɗannan ƙofofi mabuɗinsu ɗaya ne: takardar mallaka mai rajista, wadda aka fi sani da C of O. Gwamna yana da ikon bayar da ita ko a karkara ne, amma sai an yi awo an bi matakai, kuma babu bankin da zai karɓi takardar dagaci a madadinta.

Saboda haka yawancin gidajen ƙauye da kuɗin hannu ake sayensu: tari, ko ɗaukar adashi, ko rancen ƙungiyar gama kai ta ofis, ko garatuti. Kuskuren ɗan kasuwa shi ne ya tsinke jarinsa ya sayi gida, domin gidan ƙauye ba ya kawo haya mai kirki, kuma ranar da aka so sayar da shi mai saye ba ya samuwa da wuri. Kuskuren ma'aikaci shi ne ya zuba garatutinsa kaf a gini, ya tare a gida mai fenti babu abin sawa a tukunya. Ko wane ne, ya ware wani kaso na kuɗin domin la'ada da takardu da gyara da ruwa, kafin ya taya gida.

Albashin wata, hidimar shekara

A birni magidanci yana auna rayuwarsa daga albashi zuwa albashi. A ƙasar Gumel damina gajeriya ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba, kuma abin da aka girbe a kaka, gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi da zoɓo, shi ke juya farashin komai har wata kakar. A mafi yawan shekaru hatsi yana araha a Oktoba da Nuwamba, ya yi ta hawa har ya kai ƙololuwa a tsakiyar damina, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Wanda ke sayen kwano-kwano duk wata yana biyan wannan hawan gaba ɗaya.

Lissafin ba shi da wuya. Buhu yana ɗaukar kimanin kwano 40. Gidan da ke cin kwano ɗaya a rana yana buƙatar kwano 365 a shekara, wato buhu tara da 'yar ɗoriya, mai cin kwano biyu kuma buhu 18 da ɗoriya. Idan magidanci ya san adadinsa, abin da ya rage shi ne ya shirya yadda kuɗin zai taru a hannunsa a kaka, ko ta hanyar ware wani abu kowane wata, ko ta neman ɗaukar adashinsa ta faɗo a Nuwamba. Wake ya fi saurin lalacewa, amma buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, yana kashe ƙwari ta hanyar toshe musu iska ba tare da an zuba magani ba, muddin waken ya bushe sosai kuma ledar ba ta huje ba.

Sai dai a bambanta tanadin ci da ɓoyo domin riba. A shekarar 2025 farashin hatsi ya faɗi a kasuwannin Arewa maimakon ya hau, waɗanda suka cika ɗakuna da kaya masu tsada a kakar 2024 da dama sun tafka asara. Wanda ya sayi abin da gidansa zai ci bai yi asarar da za ta karya shi ba, domin abincin yana nan. Wanda ya ci bashi ya ɓoye buhu ɗari shi ya ji jiki.

Akwai watanni da hidima ke taruwa a cikinsu, kuma sanin su tun da wuri shi ne rabin shiri. Watannin Musulunci suna matsowa baya da kusan kwana 11 kowace shekara, kuma a 'yan shekarun nan Babbar Sallah tana faɗowa a bakin damina, daidai lokacin da ake neman kuɗin iri da taki da 'yan ƙwadago, da gyaran rufi kafin ruwa ya sauka. Agusta da Satumba kuma suna haɗa abu uku a lokaci guda: tsadar hatsi, da zazzaɓin cizon sauro, da komawar yara makaranta. Bayan kaka sai bukukuwan aure su kankama. Magidancin da ya rubuta waɗannan a takarda ɗaya, ya raba jimillarsu gida 12, zai ga ainihin abin da gidan ƙauyen ke ci a wata, kuma adadin yakan zarce abin da ya zata.

Gida biyu, tukunya biyu

Wanda ya kai iyali ƙauye ya ci gaba da aiki a birni bai rage gida ba, ya ƙara ne. Yana biyan ɗaki a birni, yana cin abinci a waje, yana kuma zirga-zirga. Daga Kano zuwa Gumel kimanin kilomita 120 ne, saboda haka zuwa gida sau biyu a wata tafiyar kilomita 480 ce, ban da abin da ya rage daga Gumel zuwa ƙauyen. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, wannan kaɗai ya isa ya shafe ribar da aka yi tsammani daga barin haya.

Kuɗin cefane ya fi kyau ya tafi kai tsaye hannun uwargida, a rana sananniya, da adadi sananne, maimakon ya bi ta hannun ƙane ko ɗan aike. Rassan bankuna a manyan garuruwa suke, don haka a ƙauye masu POS ne banki, kuma kowane cira yana da caji, wanda idan aka tara na wata yakan kai kuɗin cefanen kwana ɗaya ko biyu. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan sauya fasalin Naira, ya koya wa mutanen karkara cewa gidan da ke da hatsi da mai da gishiri a ɗaki ya fi wanda ke da kuɗi a waya kwanciyar hankali. Bashin mai kanti yana da ranarsa, amma a buɗe masa littafi, a riƙa biya duk ƙarshen wata. Abin da mace ta samu daga sana'arta, ko ƙuli-ƙuli ne ko kiwon awaki ko saƙar tabarma, dukiyarta ce a Shari'a, ciyarwa kuwa a wuyan miji take. Idan ta ranta masa, bashi ne, kuma rubuta shi ya fi barin sa ya zama abin gori.

Ga mutanen yankin, dabba ita ce asusun ajiya. Kasuwar Maigatari da ke ci ranar Alhamis tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na ƙasar nan, kuma rago ko akuya ko ɗan maraƙi da aka turke a gida ana iya mayar da shi kuɗi cikin mako guda. Amma ajiya ce mai ci, mai ciwo, mai mutuwa, kuma da bazara harawa da dusa suna tsada. Farashinta kuma yana bin halin da iyaka ke ciki. An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, sai a Disamban 2020 aka buɗe huɗu daga cikinsu, har da ta Maigatari. An sake rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ba ta buɗe ɓangarenta ba sai a Maris na 2024. Saboda haka kuɗin asibiti da na gaggawa ya fi dacewa su zauna a banki, inda hukumar inshorar ajiya ta NDIC ke lamunce wa kowane mai ajiya har Naira miliyan biyar a bankin kasuwanci, da miliyan biyu a ƙaramin banki, tun daga 2024.

Hidimar dangi kuma gaskiya ce da ba ta shiga lissafin mutane sai sun tare. Wanda ya gina gida a garinsu ya zama abin dubawa: suna, da biki, da rashin lafiya, da gudunmawar masallaci, da ɗan'uwan da gero ya ƙare masa a Yuli. Hana wannan yanke zumunci ne, sakin hannu babu iyaka kuma karyewa ce. Masu dabara sukan ware buhu ɗaya ko biyu tun a kaka da sunan wannan, tare da wani adadi na kuɗi a wata. Zakka daban take. Gidan zama ba a fitar masa da zakka. Amfanin gona da ya kai sa'i 300 ana fitar da kashi ɗaya cikin goma idan ruwan sama ya shayar da shi, rabin haka idan ban ruwa aka yi. Tumaki da awaki nisabinsu 40 ne, shanu 30, raƙuma biyar.

Idan kuma gidan zai zauna babu kowa har zuwa ritaya, gara da ruwan sama za su riga mai shi tarewa. An saba a sa wani ɗan'uwa ko malamin makaranta da aka turo garin ya zauna a ciki yana kula da shi. A rubuta cewa aro ne ko haya, a gaban mai unguwa da shaidu biyu, a sabunta takardar lokaci-lokaci, a kuma ajiye kwafin dukkan takardun gidan a wuri biyu, ɗaya a birni ɗaya a ƙauye, matar gida da babban ɗa ko babbar 'ya su san inda suke.